Maganin Idon Inna Saude

Duk wanda ya san tashar Batsari ya san Mati Auta, in ma bai san shi ba to ya san motarsa. Farar a-kori-kura ce da ta ga jiya ta ga yau, ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, ga huda uku a bayan bodi waɗanda ba ya son a tambaye shi labarinsu. In hatsi ne buhu ashirin take ɗauka, in mutane ne goma sha takwas har da kayansu, in kuwa awaki ne Mati kan ce a loda kawai, a ƙirga ƙafafu in an isa.

A Runka aka haife shi, shi ne na bakwai kuma na ƙarshe a ɗakin Inna Saude. Da jaki ya fara yana kai dawa kasuwa, daga jaki ya hau babur yana kabu-kabu tsakanin Runka da Safana, daga nan ya bi mota har ya iya tuƙi, ya sayar da bijimai biyu na gado ya sayi wannan farar. Mutum ne da bai iya zama ba. Kafin ka gama faɗa masa matsalarka ya riga ya lissafa jarkar mai nawa za ta ci. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, aka kore musu shanu tara da rana tsaka, aka fasa rumbu biyu, bai tsaya jiran na uku ba. Sawu huɗu ya yi ya kwashe gidan kaf zuwa Batsari: uwarsa, matarsa Zuwaira, yara uku, turmi biyu, da tukwanen daddawar tsohuwa, waɗanda ta ce in ba a ɗauke su ba ita ma a bar ta. A sawu na huɗu ne motar ta samu hudar nan.

Ɗaki biyu suka kama a bayan kasuwa. Gona ta zama sai dai a tuna ta a zuci. Inna Saude ta ci gaba da dafa kalwa tana daddawa, Mati yana bin kasuwanni, ana rufa wa juna asiri.

Mutum ɗaya ne ba a kwaso ba, don shi tuntuni ya kwashe kansa. Badaru ke nan, ɗan farin Inna Saude. Kowa ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan fari, amma ta Inna Saude ta wuce misali. Ranar da aka yaye shi ta miƙa shi ɗakin kakarsa, ba ta sake ɗaukarsa a gaban mutane ba. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko ɗan maƙwabta ne ke da sunan, sai ta ce "kai mai sunan mutane." Yana saurayi ya bi wani kawunsu ci-rani Kamaru, ya zauna a Lagdo, wani gari a bakin makeken tafki gaba da Garwa, ya kama sana'ar bandar kifi, ya yi aure, ya haifi biyar. Tun daga lokacin in za ta yi maganarsa sai ta ce "mutanen bakin ruwa."

Sau biyu ya zo gida. Zuwan ƙarshe, Mati yana tuna shi durƙushe a ƙofar ɗakinta, ƙato da gemu, ita kuwa ta juya wa bango fuska tana tankaɗe, ta ce, "An zo lafiya?" Shi ke nan gaisuwar. Amma ranar ta yanka zabi biyu, ta ce don Auta ne, mura ke damunsa. Mati ya ci cinya biyu, ya kuma yarda.

Bana da bazara waya ta shigo. Muryar Badaru ta zama siririya kamar ta wanda ke magana daga cikin rijiya. Ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, an je asibitin Garwa an dawo.

"Auta," ya ce, "ina son in ga tsohuwa. Ni kam hanya ta fi ƙarfina."

Mati ya miƙa wa Inna wayar. Ta karɓa da yatsu biyu, ta riƙe ta nesa da kunne. Can ta mayar masa. "Ka ce wa mutanen su riƙa shan magani."

Kafin ya mayar da wayar aljihu ya riga ya fara lissafi. Washegari ya tafi Safana wurin Alhaji Armaya'u, dillalin shanu da ya sha bin hanyar Mubi har cikin Kamaru. Ya same shi a gindin bedi, Alhajin ya ɗauki tsinke ya zana masa hanyar a ƙasa.

"Daga nan Katsina, Kano, Gombe, duk kwalta ce, makaho ma ya kai ka. Ka bi ta Biu ka sauka Mubi. To daga Mubi ne za ka san ka bar gidan ubanka."

"Duwatsun ko?"

"Duwatsu! Kai kana tsammani irin namu ne da akuya ke hawa ta sauko kafin a tada salla? Hanya ce ta naɗe dutse kamar rawani. Ka leƙa ƙasa ka ga shanu kamar tururuwa. A can sama iyakar take. Ka gangara, ka kama hanyar Garwa, daga Garwa Lagdo kamar nan da Katsina ne ko da ɗan ƙari." Ya ɗaga kai ya dubi motar. "Da wannan jakar za ka?"

"Alhaji, jakar nan ta fi wasu dawakan."

"To ka sa mata birki na Allah da Annabi. Ka riƙe katin shaidarku da na rigakafi da takardun mota, don jandarma, jami'an tsaron can, ba sa jin 'Allah ya ba ka haƙuri.' Kuma ka ji ni da kyau: ka wuce dutsen nan kafin ruwa ya zauna. In damina ta kama, santsi ne da laka, ko mai babur salati yake yi."

Mati ya dawo da zanen a ka. Taya huɗu ya canza, ya nemo safaya biyu. Ya sa sabon birki gaba da baya. Jarka shida ta mai, biyu ta ruwa, tamfol, igiya, buta, da 'yar katifa da ya lanƙwasa ya gyara kujerar gaba saboda bayan tsohuwa. Ya tsara zango uku, Kano da Gombe da Mubi, kowanne da gidan ɗan Runka da za a sauka, ya buga wa kowa waya. Ƙofar hagu ma ya kai ta wurin mai walda, igiya ta huta. Abu ɗaya ya ajiye sai ƙarshe, shi ne gaya wa Inna. So yake sai komai ya kammala ya kawo mata shi ɗungurungum kamar tuwo a akushi.

A kwanakin nan ya lura tukunya uku take ɗorawa maimakon ɗaya. Ya lura ta wanke zanenta na saƙi ta shanya. Ya ƙirga tukwanen, ya ce a ransa kasuwar daddawa ta buɗe, ya wuce.

Ranar da aka gama waldar, da la'asar sakaliya, ya shigo gida yana gangaro safaya da hannu. Tsakar gidan cike take. Matan Runka da gudu ya watso Batsari sukan taru wurin Inna su taya ta wankin kalwa, a yi hirar gida, a ƙirga waɗanda aka ɗauke da waɗanda aka sako. Su takwas ne ranar, cikinsu har da Goggo Turai, ƙanwar mahaifinsa, wadda bakinta ba ya kwana da magana.

Murna ta hana Mati duba wanda ke wurin.

"Inna, an gama! Taya, birki, mai, masauki, komai. Jibi in Allah ya kai mu sai hanya. Za ki je ki ga Yaya Badaru, ko? Ya ce ke yake son gani."

Hannuwa suka tsaya cikin ruwan kalwa. Sai Goggo Turai ta rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Saude za a je rungumar ɗan fari! Ashe tsufa na cin kunya. Ki tafi da zanen goyo, matar yaya, ƙila ya ce a goya shi."

Aka kwashe da dariya. Ba da mugunta ba. Mutanen da suka daɗe ba su yi dariya ba ne suka samu dalili. Inna Saude ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da murza kalwa.

"Ni? Mi na aje a can? In kifi ne, akwai shi kasuwar Batsari."

"Inna, ba shi da lafiya fa."

"Allah shi ba shi lafiya. Ƙafata ba ta zuwa. Kai Auta, fitar min da tayar nan, tana zubo min ƙasa cikin kalwa."

Ya fitar da tayar. Ya zauna a kanta a ƙofar gida har aka kira magariba, zuciyarsa na tafasa. Shi mutum ne da in aka ce masa buhu ashirin, ashirin yake ji. An ce ba a zuwa, to ba a zuwa. Wace irin uwa ce wannan? Da Zuwaira ta buɗe baki za ta yi magana, ya daka mata tsawa ya ce kada wanda ya sake yi masa zancen Kamaru a gidan nan. Da Badaru ya kira, kunya ta hana shi faɗin gaskiya, ya ce injin ne ya ba da matsala.

"In ba da tsohuwa ba, kada ka ƙona manka," in ji Badaru. "Ni da kai mun ga juna."

Sai Mati ya koma dakon taki. Sababbin tayoyin da aka saya don dutsen Kamaru suka riƙa cin ƙasar hanyar Zakka da Darini. Jarkokin mai suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Gabas ta fara haɗa hadari, aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, ruwa ya zauna.

Wata safiya Inna ta tafi gaisuwar mutuwa unguwar gaba. Zuwaira ta kama hannun rigarsa.

"Baban Ummi, ko za ka dake ni yau sai ka ga abin nan."

Ta ja shi ɗakin tsohuwa, ta janyo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado. Ƙulli biyar na daddawa, kowanne a tsumma mai tsabta, daidai yaran Badaru. Ga na shida, ya fi su girma, an ɗaure shi da bakin zanen saƙi. A gefe zanen ne a ninke, da sababbin takalman roba ko taka su ba a yi ba.

"Tun ranar da ka fara canza taya ta haɗa su. Kullum sai ta fito da su ta shanya in ba kowa."

"To me ya sa ta ce..."

"A gaban mata takwas ka tambaye ta! Har da Goggo! Ka kuma kama sunan. Me kake so ta ce? Kai Auta ne, a bainar jama'a aka goya ka, aka yi maka rawa, ba ka san wannan yaren ba. Irin su Inna ba a tambayarsu. Jan su ake yi, suna cewa a'a ana tafiya."

Mati ya tsuguna a gaban ƙwaryar. Zabin nan biyu suka faɗo masa a rai, da murar da bai tuna ya yi ba.

Ya tafi wurin Goggo Turai. Tsohuwar ta tafa hannu ta yi salati. "Bakina ne, ɗan nan, bakina ne ya ja. To tunda shi ya ɓata, bari shi ya gyara."

Ranar wankin kalwa ta zagayo, matan suka taru. Inna Saude na zaune bakin ƙofa za ta ɗinke wa Ummi riga, ta ɗaga allura sama ta zura zare karo ɗaya. Goggo Turai ta matso ta leƙa fuskarta.

"Saude, idon nan naki fa ban gane masa ba. Yanar ido ta fara rufe shi. An ce akwai wani mai maganin ido a Garwa, can Kamaru, ko makaho aka kai masa sai ya dawo yana tsintar tsaba."

Inna ta dubi allurar da ke hannunta. A hankali ta tura ta ƙarƙashin tabarma.

"Ai kwana biyu dishi-dishi nake gani."

"Kin ji ko! Kai Auta, ka zauna uwarka ta makance? Gobe ka ɗauke ta, ko tana so ko ba ta so."

"To ya zan yi," in ji Inna. "Ido ba a wasa da shi."

Mata takwas, babu wadda ta yi ko murmushi. Kowa ta sa kai cikin kalwarta tana cewa Allah ya sawwaƙe, ido ai shi ne mutum.

Amma gobe ba ta yiwu ba. Alhaji Armaya'u ya ce dutsen ya rufe wa irin motarsa sai kaka. Akwai wata hanyar ta Yola, in ji shi, amma a wannan lokaci sai an shiga kwalekwale a kogi yana cike, ko a hau babur a keta laka. Tsohuwar da ko rafin Runka ba ta ƙetarewa in ya kawo, ina ita ina wannan? Mati ya juya lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya yake samu: jira.

Ya kira Lagdo, ya tsaya inda Inna za ta ji.

"Yaya, da kaka za mu kawo Inna Garwa, maganin ido."

Sai dariya daga can, dariyar da ta koma tari.

"Ido? Tsohuwar da ke hango ƙwarƙwata a jikin kaza daga zaure? To, Allah ya ba ta lafiya. In kun zo ku biyo ta nan ku sha ruwa. Ina jin sauƙi, Auta, ku jira hanya ta bushe."

Inna tana juya tukunya, ta ce da murhu, "Ka ce wa mutanen, in hanya ta biyo ta can."

Damina ta ja kamar ba za ta ƙare ba. Mati ya daina zuwa Runka ko nawa za a ba shi, don kada a tare shi a rasa motar. Ya sake tara mai jarka-jarka. Taya biyu sun cinye, ya maye su. Kowace Juma'a ya kira, kowace Juma'a muryar ta ƙara sirancewa, har ta kai Mahfuza matar Badaru ce ke amsawa tana cewa yana barci. In hadari ya taso Inna kan fito ta dube shi ta koma ɗaki. Ba ta taɓa tambayar saura yaushe ba.

Aka yanke gero a inda aka samu nomawa. Ruwa ya ɗauke. Alhaji Armaya'u ya aiko cewa motocin Mubi sun fara hawa. Mati ya loda: jarka shida, safaya biyu, buhun gero ɗaya, tamfol a sama, ya ja igiya ya ƙulle. Ya shimfiɗa katifar a kujerar gaba. Inna ta ɗaura zanen saƙi, ta sa takalman roba, tana ɗaki tana ɗaure ƙwarya.

Hantsi bai gama ɗagawa ba wayar ta yi ƙara. Mahfuza ce. Bayan asuba, ta ce. Ana shirin kai shi.

Ya daɗe tsaye da hannu a kan igiyar. Sannan ya shiga, ya durƙusa a ƙofar ɗakin, daidai yadda wani ya taɓa durƙusawa.

"Inna. Mutanen bakin ruwa. Allah ya yi musu rasuwa."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta ƙarasa ƙullin da ta fara, ta ja shi ya ɗauru tam, ta tura ƙwaryar gefe.

Aka shimfiɗa tabarmi. 'Yan Runka da ke Batsari da Safana suka zo, mutanen tasha suka zo. Goggo Turai ta yi kuka har muryarta ta dushe. In mata suka durƙusa gaban Inna, sai ta nuna Goggo. "Ga uwarsa can, ita za a yi wa gaisuwa." Ta zauna da carbi, fuska a bushe. Sai dai ruwa ya riƙa gangarowa daga idonta, ta share da bakin mayafi, ya sake gangarowa.

"Idon nan ne," take cewa duk wadda ta dube ta. "Kun san yana damuna."

"Sannu, Inna. Allah ya sawwaƙe."

Kwana uku motar na ƙofar gida da lodinta, Mati ko kallonta ba ya son yi. Da aka yi sadakar uku mutane suka watse, ya fita ya kama bakin igiya. Da ya yi shiru a ranar nan, da ya jira matan sun tafi, da tuni an je an dawo kafin ruwan farko. Lissafin da ya yi ta yi ke nan, ba ya kuma canzawa. Ya kwance ƙulli ɗaya, ya kwance na biyu.

"Auta, mi kake kwancewa?"

Tana tsaye a bakin zaure da takalman roba a ƙafa.

"Kayan, Inna. Tunda dai..."

"Idon nawa ya warke ne?"

Ya dube ta. Tambaya ta taso masa har bakin leɓe, ko tana son ta ga inda aka sa shi, ko yaran take son gani. Ya haɗiye ta. Ya mayar da ƙulli na biyu, ya mayar da na farko, ya ja igiyar da ƙarfinsa duka.

Da safe ta shiga gaba, ƙwarya a cinya, ƙulli shida cif. Sun zo wucewa ta tasha wani direba ya ɗaga hannu, ya leƙo ya yi masa gaisuwar rashi, ya dubi lodin.

"Auta, ina zuwa haka da jarkoki?"

"Garwa," in ji Mati. "Maganin ido."

Inna Saude ta juya fuska wajen taga tana share idon da mayafi. Ya sa giya, suka kama hanyar Katsina.